Filin Kwarin Giginya da Masu Riƙonsa Uku

Wannan labari ba nawa ba ne, na Baba ne, mahaifin maigidana. Ni dai na rubuta shi yadda na ji, in an ga kuskure daga wurina yake.

Wata Asabar ce bayan la'asar. Maigidana da ƙannensa biyu suka dawo daga gidan kallo suna musu tun daga ƙofar gida. Wai ƙungiyar da suke so a Turai ta ɗauki sabon koci wanda bai taɓa buga wa wata babbar ƙungiya ba. Ina bakin madafi ina tsintar shinkafa, Baba yana kan buzunsa a gindin dalbejiya.

Nafi'u, ƙanin maigidana, ya ce, "Yaya, mutumin da ba a taɓa taka masa ƙauri ba, me zai gaya wa ɗan wasa?"

Maigidana ya ce, "Kai da ka yi shekara goma kana bugawa a layinmu, ko akuya aka ba ka ba za ka iya horarwa ba."

Baba ya ce, "Ku zauna, kun cika mini kunne. Zan ba ku wani labari. Babu kura a ciki, babu aljani, mutane ne irinku. In na gama sai ku yanke hukunci, tunda yau duk alƙalai kuka dawo."

Suka zauna. Ga abin da ya ce.

Akwai wani gari da ake kira Kwarin Giginya, garin manoman gero da albasa. A bayan makarantar firamarensu akwai filin ƙwallo. Da can wurin sabara ce da ƙaya. Wani malamin makaranta mai suna Malam Jatau shi ya sare shi da hannunsa, ya tone kututture ɗaya bayan ɗaya, ya kafa itatuwa ya ce ga raga. Shekara talatin da ɗaya yana horar da samarin garin a wurin. Duk namijin da ya tashi a garin, in ka duba ƙaurinsa za ka ga tabon filin nan.

Sai kasuwar albasa ta bunƙasa. Manyan motoci suka riƙa zuwa daga kudu, babu wurin tsayawa, suna toshe hanyar masallaci da ta asibiti. Direbobi da dillalai suka sa Maigari a gaba, suka ce ga fili shimfiɗaɗɗe samari suna ta guje-guje a kai, a ba su su yi tasha. Maigari ba mugu ba ne, shi ma ya taɓa tsaron gida a filin yana saurayi. Amma masu motar ma da gaskiyarsu. Ya kira Malam Jatau ya ce, "Malam, shekara talatin da ɗaya ba ku taɓa kawo wa garin nan kofi ba. Bana akwai gasar garuruwa goma sha biyu. In kun kawo kofin, ina da abin da zan gaya wa mutane, fili ya zauna. In ba ku kawo ba, bayan girbi motoci za su shiga."

Malam Jatau ya ce ya ji. Da ƙyar samarinsa suka riƙa tsallakewa, wasa bayan wasa, har suka kai wasan ƙarshe. Za su kara da Gangaren Dutse, waɗanda suka ɗauki kofin shekara uku a jere. Saura kwana takwas, Malam Jatau yana tsaye a bakin fili yana magana, sai ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka kai shi gida aka kwantar.

Akwai mutum uku da suke taya shi aiki, kuma bai taɓa cewa ga mataimakinsa a cikinsu ba.

Na farko Lawwali, ana ce masa Mai Hagu. Garin bai taɓa fitar da ɗan wasa kamarsa ba. Shekara tara ya yi yana buga wa wata ƙungiya a birni, har mutanen gari sukan kewaye rediyo don su ji an ambaci sunansa. Wani ɗan baya ya taka masa gwiwa, aka yi ɗori bai kama daidai ba, ya dawo gida yana ɗingishi, ya buɗe wurin facin taya a bakin kasuwa. Har a lokacin in ya ɗora ƙafar hagu a kan ƙwallo, sai ta bi abin da yake so. Aibinsa shi ne ba ya gane dalilin da ya sa abin da ya zo masa da sauƙi yake ba wani wuya. Yakan ce wa ɗan wasa, "Ka tare da ƙirji, ka juya, ka buga. Mene ne abin wahala a nan?" In an kasa sau uku, sai ya karɓi ƙwallon ya yi da kansa, ya wuce ya bar mutum da kunya.

Na biyu Ɗan'asabe tela. Shi bai taɓa buga ƙwallo ba. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya zaunar da shi a kan keken ɗinki. Sau ɗaya aka matsa masa a wasan Sallah ya kai wa ƙwallo duka, takalminsa ya tashi sama, ƙwallon tana nan inda take, aka yi shekara ana ba da labari. Amma tagar shagonsa tana kallon filin, shekara ashirin yana ɗinki yana kallo. Yana da gwangwani cike da maɓallai. In an tashi wasa sai ya zana fili da alli a kan teburin yanka, ya jera maɓallai ashirin da biyu, ya yi ta matsar da su yana magana shi kaɗai. In ya ji wani gari zai yi wasa, sai ya rufe shago ya hau kekensa ya je ya gani. Malam Jatau yakan leƙo ta tagar ya ce, "Tela, me ka gani yau?" Aibinsa shi ne yana mantawa ɗan wasa ba maɓalli ba ne. Maɓalli ba ya gajiya, ba ya tsoro. Yakan tsara gudun da ko doki ba zai iya ba, in an kasa ya rasa gane dalili.

Na uku Shu'aibu, ana ce masa Na-Benci. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙungiyar, sau shida kawai aka sa shi a wasa, biyu daga ciki saura minti biyar a tashi. Bai taɓa fashin atisaye ba, bai taɓa yin fushi ya tafi ba. Da ya daina bugawa, sai ya ci gaba da zuwa, manomi ne kamar kowa. Ya san gidan kowane ɗan wasa, ya san wanda bai ci abinci ba kafin ya fito, ya san wanda matarsa take laulayi. Aibinsa shi ne bakinsa ba ya iya cewa a'a. Da shi ake bari ya zaɓi 'yan wasa, da mutum ashirin za su shiga fili, don ba ya son ya ga kowa a zaune.

Nan Nafi'u ya ce, "Baba, ai magana ta ƙare. Lawwali ne."

Baba ya ce, "Ko garin ba mu shiga ba ka yanke hukunci. Saurara."

Matsala ta farko daga gona ta zo. A shekarar damina ta makara, da ta zo kuma sai ta zo gaba ɗaya. Ciyawa ta taso ta nemi shaƙe gero, ga lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, wanda in ka makara da shi kwana goma ka yi asarar rabin gonarka. Bakwai daga cikin 'yan wasa goma sha ɗayan a gandun iyayensu suke noma. Iyayen suka haɗa baki suka ce babu mai zuwa atisaye, babu mai zuwa wasa. Da Malam Jatau yana tsaye da an ji nauyinsa, don shi ya koya wa iyayen ma karatu. Amma yana kwance.

Lawwali ya tafi wurin Malam Gambo, mahaifin Ɗayyabu. Ɗayyabu shi ne mai ci musu ƙwallo, kuma duk abin da Malam Gambo ya yi sauran iyayen shi za su bi. Ya same shi a gona ya ce, "Baba, yaron nan yana da ƙafa. In masu neman 'yan wasa suka gan shi ranar Lahadi, zai iya zama kamar ni."

Malam Gambo ya dafa fartanyarsa ya dube shi tun daga sama har gwiwa. Ya ce, "Abin da nake gudu ke nan, ɗana."

Lawwali ya juyo ya kama hanyar gida.

Ɗan'asabe kuwa ya cire maɓallai bakwai ya maye su da na benci. Ya wuni yana juya su, ya sa wannan nan, ya mai da wancan can. Da magariba ta kusa ya kwashe su ya zuba a gwangwani, ya ce babu ta inda za ta yiwu.

Shu'aibu kuwa wata hanya ya bi. Washegari da sassafe ya saɓa fartanya ya shiga gonar Malam Gambo, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya kama layin da ke kusa da nasa. Bai ambaci ƙwallo ba. Suka yi ta noma har rana ta take. Da suka zauna shan fura, Malam Gambo ya ce, "Shu'aibu, na san abin da ya kawo ka."

"Ciyawa ce ta kawo ni, Baba."

"Ciyawar nan ta fi ƙarfin mutum uku."

"In na kawo arba'in fa?"

Malam Gambo ya yi dariya ya ce, "In ka kawo arba'in, ka ɗauki Ɗayyabu, ka haɗa da ni in kana so."

Gayya Shu'aibu ya kira, kuma an daɗe ba a yi gayya a garin ba. Bai je wurin tsofaffin taurarin ƙungiya ba. Waɗanda suka yi zaman benci kamarsa ya bi, a cikin shekara talatin da ɗaya kuwa suna da yawa. Akwai mahauci, akwai mai shayi, akwai ladanin masallacin kasuwa, akwai wani da ya zama direban tarakta. Gari ya manta sun taɓa sa jesi, shi bai manta ba. Kowa ya je wurinsa sai ya ce masa, "Ni da kai ba mu taɓa ci wa filin nan ƙwallo ba. To ga namu wasan ya zo." Mutum arba'in da uku suka fito da fartanyu. Aka samo mai gangar noma, mata suka dama kunu. Cikin kwana huɗu aka nome gonaki bakwai fes. A kwana biyun ƙarshe Shu'aibu ya hana 'yan wasan riƙe fartanya, ya ce su je su huta. Tafin hannunsa ya fashe, tasa gonar kuma ita ce ba a taɓa ba, ciyawa ta cinye masa gefe guda. Iyaye bakwai suka saki 'ya'yansu, har da sa albarka.

Matsala ta biyu a cikin kwali ta zo. Wasan ƙarshe a hedikwatar yanki za a yi, a fili mai ciyawa, kuma doka ta ce kowa sai da takalmin ƙwallo. Su kuwa samarin Kwarin Giginya a yashi suke wasa, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa. Ranar Alhamis wani ɗan garin da ke aiki a birni ya aiko da takalma sababbi fil, ƙafa goma sha takwas, suna ƙamshin kanti. Gari ya ɗauki murna. Shu'aibu ya ce a rufe kwalin a ajiye sai ranar Lahadi, samarin su shiga fili da sabon abu ko sau ɗaya a rayuwarsu. Ɗan'asabe ya goyi bayansa, don ya gama ɗinka jesi fari da kore, ba ya son a haɗa su da takalma masu datti.

Duk macen da ta taɓa sa sabon takalmi ranar biki ta san abin da zai biyo baya. Ni na gane tun kafin Baba ya ƙarasa.

Lawwali ya zo ya tarar ana ɗaure kwalin. Ya ce, "Ku kwance. Yanzu za a sa su."

Shu'aibu ya ce, "Haba Mai Hagu, kai ka sa sababbi ka more. Ka bar su su ma su ɗana."

Lawwali ya matso kusa da su. Ya zauna ya cire takalminsa ya ɗaga musu diddigensa. Akwai tabo fari a kowanne, faɗin kwabo. Ya ce, "Wasana na farko ke nan a birni. Sabon takalmi aka ba ni da safe. Minti ashirin na yi, aka cire ni safa ta jiƙe da jini. Wata biyu ban sake ganin fili ba."

Ya sa kowa ya ɗaura takalminsa, ya kora su rafi, suka tsaya cikin ruwa har takalman suka jiƙe sharkaf. Ɗan'asabe ya kau da kai, ya ce ba zai iya kallo ba. Daga nan Lawwali ya sa su tafiya, ba gudu ba, har takalman suka bushe a ƙafarsu suka ɗauki siffarta. Ya shafa musu man kaɗanya a diddige da yatsu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsa bakin takalmi da babban yatsa, wanda nasa ya matse ya musanya masa da na wani. Kwana uku ana haka, safe da yamma.

Bai tsaya nan ba. Ya kai su fadama, inda shanu suka kiwace ciyawa ta yi gajere, ya sa aka kwara ruwa. Ya nuna musu cewa ƙwallo a yashi tsayawa take yi ta jira ka, a jiƙaƙƙiyar ciyawa kuwa zamewa take yi ta wuce. Ya koya wa mai tsaron gida kada ya jira ta yi tsalle, don ba za ta yi ba. Abin da ya ba kowa mamaki, a kwana ukun nan bai yi wa kowa tsawa ba. In mutum ya kasa sai ya ce, "Sake. Ni ma haka na yi." Wannan abu ɗaya ne da shi ma ya taɓa ba shi wuya, ya tuna ranar da ya zo daga ƙauye ya zame a ciyawa 'yan birni suna dariya.

Ranar Lahadi aka yi ruwa da safe. A bayan motar albasa suka tafi, rabin gari ya bi su. Aka take wasa. Babu wanda ya zame fiye da kima, babu wanda ƙafarsa ta tashi. Amma duk da haka Gangaren Dutse sun fi su. Suna da wani ɗan baya ana ce masa Dogo, ya manne wa Ɗayyabu ko numfashi ba ya bari ya yi. Ɗayyabu bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci aka zura wa Kwarin Giginya ɗaya.

Samarin suka zube a gefen fili. Lawwali ya koma halinsa, yana cewa, "Ku ƙara ƙarfi. Ɗayyabu, ka juya shi mana, ka ba shi kafaɗa. Ni da na sha irinsa goma." Shu'aibu yana bin su da ruwa yana cewa, "Ba komai, kun yi ƙoƙari, ko a haka aka tashi ba ku ji kunya ba." Babu ɗaya daga cikin maganganun nan da za ta hana motoci shiga fili.

Ɗan'asabe ya durƙusa a ƙasa ya zaro gwangwaninsa daga aljihu. Sau uku ya taɓa tafiya a keke ya kalli wasan Gangaren Dutse. Ya ce, "Dogon nan ba wuri yake tsaro ba, mutum yake bi. In Ɗayyabu ya tafi bayan gida, zai bi shi ya jira a ƙofa." Samarin suka yi dariya, karo na farko tun da aka fara wasa. Ya ɗauki maɓalli ɗaya ya janyo shi baya, ya janyo wani a bayansa. Ya ce, "Ɗayyabu, ka bar bakin raga, ka dawo tsakiya. Zai biyo ka. In ya biyo ka, dubi abin da ya bari." Ya nuna wurin da yatsa, fili fetal a gaban mai tsaron gida. Ya ce, "Isiya, nan ne naka." Isiya shi ne ɗan siririn da ke buga musu gefen dama, ba ƙarfi amma akwai gudu.

Lawwali ya ce, "Tela, ana binmu ɗaya, kai kuma ka ce mai ci ya bar bakin raga? A ina aka taɓa yin haka?"

Ɗan'asabe ya ce, "Ban san inda aka taɓa yi ba. Na dai san Dogo."

Ɗayyabu ya ce, "In ya daina bina fa?"

"In ya daina binka, ka zama ba ka da mai tsaro. Sai ka yi abin da ka ga dama."

Lawwali ya dubi maɓallan ya daɗe, sannan ya ce, "Ku yi yadda ya ce."

Aka koma. Ɗayyabu ya ja baya, Dogo ya biyo shi har tsakiyar fili. Minti goma ba a yi ba aka jefa ƙwallo ta saman kansu, Isiya ya shiga wurin da Dogo ya bari, shi kaɗai da mai tsaron gida, ya tura ta raga. Ɗaya da ɗaya. Kocin Gangaren Dutse ya yi ta ɗaga wa Dogo hannu ya koma wurinsa ya tsaya. Dogo ya koma. Ɗayyabu ya samu kansa a sake, babu kowa a jikinsa. Saura minti bakwai ya karɓi ƙwallo daga nesa, ya buga ta ƙasa-ƙasa yadda aka nuna masa a fadama. Ta taɓa jiƙaƙƙiyar ciyawa ta zame ta ƙarƙashin hannun mai tsaron gida. Haka aka tashi, biyu da ɗaya.

Kafin su je fada sai da suka biya gidan Malam Jatau. Aka ɗora masa kofin a kan cinya. Ya shafa shi da hannun da ke motsi, hawaye yana bin gefen bakin da ya karkace.

Maigari ya cika alkawari, ya tara mutane ya ce fili ya zauna, a nema wa motoci wani wuri a hanyar rafi. Amma ya ƙara da magana ɗaya. Ya ce, "Filin nan ya kai yau ne don mutum ɗaya ya riƙe shi, kowa ya san ƙofar da zai buga. Malam Jatau ba zai sake tsayawa a bakinsa ba. In na bar shi a hannun mutum uku, baɗi war haka kun saɓa, masu mota su dawo su same ni babu wanda zan nuna. Ku kawo mini suna ɗaya kafin Juma'a in rubuta, shi ne koci, shi ne mai fili. In Juma'a ta wuce babu suna, na janye maganata."

Aka koma wurin Malam Jatau aka jera masa su ukun, aka ce ya nuna. Ya ɗaga hannu, ya dubi Lawwali, ya dubi Ɗan'asabe, ya dubi Shu'aibu, sannan ya mai da hannun ya ajiye a kan zani. Ko bai iya ba ne, ko bai so ba ne, babu wanda ya sani.

Su ukun kuwa babu wanda ya ce a ba shi. Lawwali ya ce shi shekara tara yana cikin fili bai taɓa ganin abin da tela ya gani daga taga ba. Ɗan'asabe ya ce da an bi tasa, da samarin sun fita da jini a safa kafin a kai ga maɓallansa. Shu'aibu ya ce shi noma kawai ya yi, kuma noma kowa ya iya.

Gari ne ya rabu. 'Yan wasa suka ce Lawwali, don shi ya san abin da ƙafa take ji, in ya ce a yi abu sun san ya taɓa yi, kuma sun ga ya fara koyon haƙuri. Masu kallo suka ce Ɗan'asabe, don ana binsu ɗaya aka tafi hutu, ga tauraro a wurin ga mai lallashi a wurin, babu wanda ya san mafita sai wanda bai taɓa buga ƙwallo ba. Iyaye suka ce Shu'aibu, don kowace shekara damina za ta dawo, kuma su ba za su ba da 'ya'yansu ga wanda bai san ƙofar gidansu ba. Wasu suka ce in an ba Lawwali, ranar da ransa ya ɓaci zai kore rabin ƙungiya da bakinsa. Wasu suka ce in an ba tela, zai kashe samari da gudu. Wasu suka ce in an ba Shu'aibu, ranar da ya kamata a zaunar da wani a benci ba zai iya ba.

Laraba ta wuce, Alhamis ta zo, Maigari yana jira da takarda a gabansa.

Da Shu'aibu bai kira gayya ba, da babu 'yan wasan da za su je. Da Lawwali bai tsoma takalma a rafi ba, da sun je ba su kai rabin lokaci ba. Da Ɗan'asabe bai janye Ɗayyabu daga bakin raga ba, da sun kai ƙarshe sun dawo hannu rabbana. Ɗaya ya buga ƙwallo har ya yi suna, ɗaya ya zauna a gefenta shekara goma sha ɗaya, ɗaya bai taɓa ta ba.

To, gobe Juma'a. Sunan wa za a kai wa Maigari?